Motar da ke manta karatunta cikin dare

A-kori-kurata mai shan fetur ce, ta haura kilomita 300,000, kuma a duk shekarun da muka yi tare ba ta taɓa yi mini gardama da safe ba sai a wannan karon. Abin ya faro ne a hankali. In na murɗa makulli takan tashi lafiya lau, amma silonta ya ƙi zama wuri ɗaya. Allurar juyin inji ta haye 1,200, ta gangaro ƙasa da 500, motar ta ɗauki karkarwa kamar mai masassara, sannan ta farfaɗo. In na taka birki a mahaɗar farko, wani lokacin sai ta mutu murus. Giyarta mai sauya kanta ce, to daga ta ɗaya zuwa ta biyu sai ta buga da ƙarfi har in ji a gadon bayana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da mun yi tafiyar minti ashirin ko talatin sai komai ya lafa. Ta wuni tana aiki sumul. Wata ran ma ta kwana biyu ko uku ba ta yi ba, har in saki jiki, sai kuma wata safiya abin ya dawo sabo fil.

A mako na biyu fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod. Ina da 'yar na'urar karanta lambobin matsala, irin wadda ake sokawa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan soket na tsarin OBD-II ne, wanda aka wajabta wa ƙananan motoci da ake sayarwa a Amurka tun daga samfurin 1996, daga baya sauran duniya ta bi sahu, shi ya sa lambobi da yawa ma'anarsu ɗaya ce ko wane kamfani ya ƙera motar. Na soka, na buɗe makulli, lamba ɗaya tak ta fito: P0603.

Ban goge ta ba. Wannan ɗabi'a ce da nake so kowa ya riƙe, domin hannun mutum yakan yi saurin zuwa maɓallin gogewa. Duk lokacin da kwamfutar mota ta ajiye lamba, takan ajiye hoton halin da injin yake ciki a daidai lokacin: zafin ruwa, juyin inji, gudun mota da sauransu. In ka goge lambar, shaidar ta tafi tare da ita. Na samu takarda na kwafe komai. Zafin ruwa daidai da na iskar waje, juyin inji sifili, gudu sifili. Ma'ana, an rubuta lambar ne a lokacin da aka buɗe makulli, inji da sanyi, kafin ma ya juya. A ranar ban gane nauyin wannan bayani ba, amma na adana shi.

Na kai wa wani bakanike da na saba da shi. Ya soka tasa na'urar, ya karanta bayanin da ke biye da lambar, inda aka ce kuskure ne a ma'ajiyar bayanai ta cikin kwamfuta. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, birenbos ce ta tafi. Sai dai a nemo wata." Ba mugun mutum ba ne, kuma ba cuta ta yake son yi ba. Duk wanda ya karanta wannan bayani a zahirinsa haka zai fahimta. Na ce masa, "Oga, ba ni kwana kaɗan in ɗan duba wasu abubuwa." Dalilina kuwa, sauya birenbos, wato kwamfutar da ke zaman ƙwaƙwalwar mota, ba kamar sauya fulogi ba ne. Sabuwar sai an zuba mata manhajar da ta dace da injin da giyar, an rubuta mata lambar shaidar motar mai haruffa da alƙaluma 17, sannan a mota mai makullin tsaro sai an sake gabatar mata da makullan, in ba haka ba ko tashi ba za ta yi ba. Kuma in ciwon daga waje yake, sabuwar ma shi zai kama ta.

Da na koma gida na zauna na warware wa kaina abin da lambar take nufi, domin a cikin akwatin kwamfutar ma'ajiya ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke riƙe da ainihin umarnin kamfani, wato taswirar yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ita kamar bugaggen littafi take, ko an cire batir shekara guda rubutunta na nan. Duk lokacin da aka buɗe makulli, kwamfutar takan tara alƙaluman da ke cikin littafin nan ta kwatanta jimillar da wadda aka ajiye mata tun farko. In suka saɓa, sai ta fitar da P0601, ko P0605 in ta ga ma'ajiyar ce kanta ba ta karantuwa daidai. Akwai ta biyu, RAM, wadda take kamar allo, ana rubutu ana wankewa muddin inji na aiki, matsalarta ita ce P0604. Lambar P0602 ta shafi kuskure wajen zuba manhaja, P0606 kuma ta shafi ainihin injin lissafin kwamfutar.

Tawa ta fita daban. P0603 ta ɓangaren da ake kira KAM ce, wato ma'ajiyar da ake rayawa da 'yar wuta ko da an kashe mota. A nan kwamfutar ke ajiye abin da ta koya da kanta game da wannan inji nata, ba abin da kamfani ya koya mata ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya. Sabon inji yana samun haka da lissafin littafi kawai. Tsohon inji kuwa nozul sun ɗan toshe, bakin totur ya tara baƙin datti, akwai 'yar iska da ke satar hanya ta tsohuwar roba. Kwamfutar tana sauraron sensar da ke bututun salansa, tana ƙara mai ko ragewa, tana ɗan buɗa hanyar iskar silo, tana gyara ƙarfin da take kama giya da shi, duk tana rubutawa a KAM. Wannan rubutu kuwa a irin motata yana rayuwa ne da wata waya guda da ke kawo wuta daga batir dare da rana. Wutar ta yanke ko na ɗan lokaci ne, an wanke allon. Da safe kwamfutar ta farka tana ɗaukar injin da ya yi kilomita 300,000 tamkar jiya ya fito daga masana'anta.

Nan take alamomin suka jeru a gabana. Karkarwar silo, mutuwa a mahaɗa, bugun giya, da lafawar komai bayan rabin awa, duk halin kwamfutar da ke sake koyon darasinta ne daga farko. Sabuwar mota in ta manta, da ƙyar direba zai lura. Tsohuwa ce ke jin jiki, domin da wannan gyare-gyaren take tafiya. Tambayar da ta rage ita ce, allon ne ya fashe, ko kuwa wani ne ke zuwa yana wanke shi?

Na fara da batir, domin shi ne uwar wuta. Da mota a kashe tun dare, mita ta nuna bolt 12.2. Cikakken batir yakan ba da 12.6, wanda ya nuna 12.2 kuwa kusan rabin cajinsa ya tafi. Na sa ƙanena ya murɗa makulli ina kallon mita, ta faɗi zuwa 9.1. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya sauka ƙasa da 9.6 yayin tayar da inji. Ga kawunan batirin sun yi farar hoda, ga jikinsa da danshi a gefe guda inda ruwansa ke tsattsafowa. Na ce to, ga ɓarawon. Na sayi sabon batir, na kankare kawunan wayoyin har suka yi ƙyalli, na ɗaure su tamau. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani: a motoci da yawa cire batir kansa yana jawo P0603, tunda ka yanke wutar da hannunka. Don haka bayan na gama sai na goge lambar, na fara ƙirga daga ranar.

Kwana huɗu tana lafiya. A safiya ta biyar ta tashi da karkarwarta, lambar ta dawo.

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin na riga na gaya wa mutanen gida an gama. Amma a wannan safiyar ce na lura da wani abu a na'urata da ban taɓa kula da shi ba. Kwamfutar mota tana ƙirga kilomita nawa aka yi tun da aka goge lambobi, tana kuma ƙirga sau nawa inji ya tashi daga sanyi ya kai cikakken zafinsa, wajen digiri 70 zuwa sama. Daren jiya da na duba, kilomita 212 ne, ɗumamar inji sau bakwai. Da safe duka biyun sifili. Gyaran mai na dogon zango da ya zauna a kan ƙarin kashi 7 cikin ɗari shi ma ya koma sifili. Gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta, waɗanda jiya suka nuna an kammala, duk sun koma ba a kammala ba. Ni ban goge komai ba, ba wanda ya taɓa batir. Na ɗauko takardar ranar farko, inji da sanyi, juyi sifili. Ashe tun farko motar ta gaya mini cewa ba a kan hanya abin ke faruwa ba. A ajiye take mantawa, tsakanin kashe ta da dare da buɗe makulli da safe.

Duk da haka na bi sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya don kada in bar ƙofa a buɗe. Altaneta na ba da bolt 14.2 inji na aiki. Na juya mita zuwa awon wuta mai kai-da-komo, domin in dayod ɗin altaneta ya ƙone yakan riƙa zubo wa kwamfuta gurɓatacciyar wuta da ke rikita ta, sai na samu 0.04, wato babu komai. Bari in tsaya a nan in faɗi wani abu da ke ci mini rai. Har yanzu akwai masu gwada altaneta ta hanyar zare kan batir inji na aiki, wai in motar ba ta mutu ba to tana caji. Batir shi ne ke shanye tsallen wuta a mota. Ka cire shi inji na juyawa, wutar na iya yin tsalle ta wuce abin da kwamfuta za ta iya ɗauka. Mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa ma yana iya rasa ta a wannan gwaji, kuma mita ta ishe ka sanin abin da kake son sani.

Wayoyin nagetif na kwamfutar, waɗanda ke ɗaure a jikin inji da bodi, na auna asarar wuta a kansu inji na aiki, 0.03 da 0.05, duk ƙasa da 0.1 da ake so. Wutar bolt 5 da kwamfutar ke raba wa sensoci tana nan daram. Na samo taswirar wayoyin motar, na gano fis mai amfiya 10 da ke ciyar da KAM, na zare shi na duba, lafiyarsa ƙalau, ƙafafunsa ba tsatsa. Sai na bi taswirar zuwa babban soket ɗin kwamfutar, na ƙirga ramuka har na kai ga wanda wayar ke shiga, na zura siririyar allura ta bayan soket ɗin a gefen wayar, na ɗora mita. Bolt 12.6 cif.

Gwiwata ta yi sanyi. Wuta na zuwa, nagetif lafiya, batir sabo, altaneta lafiya. Me ya rage in ba kwamfutar ba? Na kwance ta na fito da ita, na jujjuya ta a hannu. Na shinshina ko zan ji ƙauri, babu. Na duba ƙafafun soket ko akwai alamar ruwa ya shiga, a bushe suke, ba wanda ya lanƙwashe. A zuciyata na san irin shaidar da ke kama kwamfuta da laifi. In P0601 ce ko P0605, ka goge, ka kashe makulli ka buɗe, ta dawo nan take, alhali wuta da nagetif duk lafiya, to ciwon a ciki yake. Wani lokacin sake zuba manhaja yana warkar da ita, kuma shi ma aiki ne da ake yi da na'urar da ke riƙe wutar mota a tsaye, domin in wuta ta faɗi ana tsakiyar zubi kwamfutar na iya mutuwa gaba ɗaya. Wani lokacin kuma sai sauyi. Tawa ba haka take yi ba. Takan riƙe karatunta kwana huɗu cur sannan ta saki. Ma'ajiyar da ta lalace ba ta cika zaɓen dare ba. Amma mita ta ce 12.6, ni kuma ba ni da hujjar ƙaryata ta.

Da yamma na kira wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya yi shekaru yana gyaran wayarin mota kafin idonsa ya yi rauni. Bayan mun gaisa na kwashe labari na gaya masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, da me ka auna wayar?" Na ce, "Da mita, Baba." Ya ce, "Mita ai ba ta ɗora wa waya kaya. Ko sili ɗaya ya rage a ciki, za ta ce maka wuta ta cika. Nemo ƙwan fitila ka ɗora mata, ka ga ko za ta iya ɗauka. Kada ku bar jaki ku daki taiki."

Maganar ta zauna mini. Mitar zamani tana da turjiya ta kusan om miliyan goma a cikinta, don haka abin da take ja daga wayar da take aunawa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya da ɗan ɗoriya ba. Irin wannan 'yar wuta ko ta cikin tsatsa mai danshi za ta ratsa. Mita na gaya maka akwai ruwa a bakin famfo, amma ba ta gaya maka ko zai cika bokiti ba.

Washegari na samo ƙwan sigina mai wat 21, wanda ke jan abin da ya kusa amfiya biyu, na liƙa masa wayoyi biyu. Na cire nagetif ɗin batir tukuna, na zare soket ɗin kwamfutar don kada gwajin ya shafe ta, na mayar da batir. Waya ɗaya na kai kan nagetif ɗin batir, ɗayar na taɓa ta a bakin ramin KAM a hankali, ban cusa ba, domin in ka buɗa bakin ramin ka haifi sabuwar matsala. Kafin nan na gwada ƙwan a kan batir kai tsaye, ya haska fari tas har ya kashe mini ido. A bakin ramin kuwa sai zaren cikinsa ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Mitar da na haɗa a gefe, wadda jiya ta ce 12.6, yanzu ta ce 4.1. Fiye da bolt takwas suna ɓacewa a wani wuri tsakanin fis da kwamfuta.

Na yi murna, amma ban yarda na rufe maganar a nan ba. KAM ba ta cin wuta kamar ƙwan fitila, abin da take sha ɗan mitsitsi ne, don haka waya mai rauni irin wannan tana iya riƙe ta. Abin da nake buƙatar gani shi ne wutar ta yanke ɗungurungum. Na mayar da soket, na sake zura allura ta baya, na sa mita a tsarin da take riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ta gani, na kwantar da ita a cikin gidan inji, na sauke bonet a hankali, na tafi na kwanta. Daren farko mafi ƙanƙanta 12.3. Dare na biyu ma kusan haka. A dare na uku, da asuba na fito da tocila na ɗaga bonet, fuskar mitar na nuna 12.5, na danna maɓalli don ganin mafi ƙanƙanta: 1.3. Na shiga na buɗe makulli, na soka na'ura. Ƙirgen kilomita sifili, P0603 na zaune. Gani ya kori ji.

A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa ba ta taɓa yi a kan hanya ba. In makulli na buɗe, kwamfutar tana samun babbar wutarta ta wata hanya daban, ta rile, wato makunnin wuta da ke haɗuwa in an buɗe makulli, don haka ko wayar KAM ta yanke babu abin da zai goge. Sai an kashe mota ne nauyin duka ke komawa kan wannan waya guda. Ƙarfe ya huce ya tsuke, dare ya kawo danshi, ko girgizar da inji ke yi yayin mutuwa ta ɗan gusar da damin wayoyi, shi ke nan sai mahaɗin ya buɗe.

Neman wurin bai yi wuya ba tunda ƙwan na hannuna. A ƙafar fis ta ɓangaren fita, ya haska fari. A wani ƙaramin soket da ke tsakiyar hanya, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, ya yi ja-ja. To ciwon na tsakanin akwatin fis da wannan soket, tsawon da bai kai kamu uku ba. Na bar ƙwan a haɗe inda zan riƙa hango shi, na bi damin wayoyin da yatsu ina matsawa ina lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Da na iso inda damin ya ratsa ta ƙarƙashin farantin da batir ke zama a kai, ina taɓawa ƙwan ya mutu. Na saki, ya dawo ja. Na sake taɓawa, ya mutu.

Na cire batir, nagetif da farko kamar kullum, na kwance farantin. Ƙasansa duk ya ci, fentin ya tashi, tsatsa ta yi ɓawo. Damin wayoyin ya jingina da gefen farantin, kuma baƙin salatif ɗin da aka naɗe shi da shi ya goge a daidai wurin. Na warware shi a hankali. Wayoyi tara ne a ciki. Takwas lafiya. Ta tara, siririya, tana da wani ɗan kumburi kamar ƙwayar wake, kuma a gefen kumburin akwai tsaga da ba ta fi kaurin farce ba inda ƙarfe ya ci robar. Na sa reza na tsaga robar a tsaye. Abin da ya zubo mini a tafin hannu gari ne kore shar, mai ɗan danshi. Jan ƙarfen da ya kamata ya cika robar ya narke ya zama tsanwa. Silin da suka rage biyu ne, su ma sun yi baƙi, ɗaya ya riga ya katse, bakinsa kawai ke taɓa ɗan'uwansa. Na ɗan ja da yatsa, wayar ta rabu biyu ba tare da wata turjiya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsohon batirin nan da na gani da danshi a gefe, ruwansa ne ya riƙa ɗiga a kan farantin, ya gangara ya samu tsagar da gogayya ta yi, ya shige cikin wayar yana cin ta a ɓoye. Sauya batirin da na yi daidai ne, ya kashe tushen ɓarnar, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ina kuma kyautata zaton motsa wurin da na yi ranar sauyin ne ya ɗan haɗa bakin silin har na samu kwana huɗun nan na lafiya.

Ruwan batir yana bin cikin waya kamar yadda mai ke bin lagwani, don haka ban tsaya a inda ya katse ba. Na riƙa yankewa ina feɗe robar har sai da na iske jan ƙarfe mai ƙyalli, kusan taƙi guda ta kowane ɓangare. Na sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta asali, na matse mahaɗan biyu da abin matsewa, na rufe su da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki don kada danshi ya sake samun hanya. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a wuri irin wannan, wata shida ya yi yawa a dawo gidan jiya. Sauran takwas ɗin na bi su ɗaya-ɗaya da yatsa da ido. Farantin na wanke shi da ruwan hodar soda, ya yi ta kumfa har ya daina, na kankare, na shafa fenti. Damin kuma na sa shi cikin bututun roba, na ɗaure shi nesa da gefen ƙarfen.

Kafin in mayar da soket ɗin kwamfuta na sake ɗora ƙwan a bakin ramin. Fari tas, mita na nuna 12.3 da kayan a kanta. Na kama damin na girgiza shi da ƙarfi, hasken ko ƙiftawa bai yi ba.

Tunda na ga yadda injin ya dogara da gyaran kwamfuta, sai na wanke bakin totur ɗin ma, na sauya wata tsohuwar robar iska da ta tsattsage. Na haɗa komai, na goge lambar, na tayar da ita na bar ta a silo ba fitila ba na'urar sanyaya ɗaki har ta yi zafi sosai, sannan na kunna su na ba ta wasu mintuna, na sa giya ƙafata a kan birki na ƙara wasu. Daga nan muka fita, tafiyar cikin gari mai tsayawa da tashi, sai doguwar hanya da gudu ɗaya. Giyar ta ɗan buga sau biyu ko uku a farko, daga baya ta laushi. Gyaran man ya zauna a kan ƙarin kashi 3. Cikin kwana uku gwaje-gwajen kwamfutar duk suka nuna an kammala.

Mitar ta sake kwana uku a gidan inji, mafi ƙanƙanta da ta gani 12.4. Bayan haka kowace safiya kafin in tayar sai in soka na'ura in duba ƙirgen, in rubuta a takardar nan tawa. Na wuce kwana na biyar da ɗar-ɗar, na wuce na goma. Ranar da aka cika mako uku ƙirgen ya nuna kilomita 1,180, ɗumamar inji sau 41.

A ranar na biya wajen bakaniken da guntun wayar a cikin leda. Na ce, "Oga, ga birenbos ɗin." Ya karɓa ya murza garin tsanwar tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ƙwan wat nawa na yi amfani da shi. Na gaya masa. Ya kira yaronsa ya ce ya ciro ƙwan sigina daga cikin akwatin tsofaffin kaya, ya kawo masa da wayoyi biyu, domin akwai wata mota a bayan garejin da ta kwana huɗu tana jiran a kawo mata kwamfuta.